Dalmar da Ta Ƙi Narkewa

"Kowa ya kwanta!"

Mutum ɗaya ne tak a wurin wankin motar, wani dattijo da soso a hannu. Ya waiga dama, ya waiga hagu, bai ga kowa ba sai shi kaɗai, sai ya ajiye bokiti ya kwanta rub da ciki a cikin kumfa.

Rana tsaka ce, a bayan gidan abincin mahaɗar Ipole. Maza uku ne tsaye a kansa, kowa ya naɗe fuska da zanen mata. Na gaba shi ne Mihayo, wanda ya raɗa wa kansa suna Kanar tun da ya taɓa yin wata huɗu yana gadin gandun daji. Na biyu Kapaya mai babur, ƙaton da zanen ya kasa rufe masa kumatu. Na uku Ngasa ne, dogo siriri, yana ta danne dariya har bindigarsa tana rawa. Bindigogin duk ƙirar gida ne, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki, kuma babu ko ɗaya mai harsashi a ciki.

Milembe, yayar Ngasa, tana tsugune a gindin sabuwar a-kori-kurar da ake wankewa, filaya a hannunta. Ba ta taɓa ƙofa ba, ba ta dubi batir ba. 'Yan guntayen ƙarfen nan da ake maƙalawa a bakin wili don kada taya ta yi rawa, su take ɓamɓarowa. Ɗaya, biyu, ta zagaya ɗaya gefen, uku, huɗu. Ta ƙulle su a bakin zani.

Dattijon ya ɗago kai kaɗan ya ce ga wayarsa nan a aljihu, mukullin motar ma yana ciki, don Allah su ɗauka su tafi.

"Riƙe abinka, baba," in ji Kanar. "Mu ba ƙananan ɓarayi ba ne. Maza, mu ware!"

Su huɗu suka ɗare babur ɗaya. Kapaya ya fizge shi, Ngasa na can baya ƙafafunsa na jan ƙasa, dariyar da ya riƙe ta kuɓuce masa tun kafin su sha kwana.

Mai motar, Lugwisha dillalin shanu, yana ciki yana fama da tuwon masara da gasasshen naman akuya. Ya fito yana suɗe yatsu, ya zagaya motarsa sau biyu, bai ga abin da ya ɓata ba. A ofishin 'yan sanda kuwa, Kofur Mwakalinga ya buɗe littafi ya tambayi dattijon abin da aka sace. Ya ce ba komai. Kofur ya rufe littafin, ya ba shi shawara ya riƙa sa malfa idan rana ta take.

Abin da ya kai su ga wannan aiki shi ne Lugwisha kansa. Duk ranar gwanjon shanu yakan dawo ta hanyar Sikonge da jakar kuɗi a ƙarƙashin kujera, kuma kowa a ƙasar ya san harsashi ba ya cin sa. An ce sau biyu ana harbinsa, harsashin yana zama ruwa ya gangara masa a riga. Kanar ya ɗauki baƙin zakara ya tafi wurin wani boka can gaba da Inyonga, ya dawo da magana ɗaya: maganin Lugwisha baƙon ƙarfe yake korewa. Ƙarfen da ya saba tafiya da shi kuwa, maganin zai ɗauka na gida ne ya bar shi ya wuce. Saboda haka sai an narka wani abu daga jikin motarsa a cikin harsashin.

Washegari da hantsi suka haɗu a bayan tsohon ɗakin gasa taba na gonar su Milembe. Ita ce mai zubi. Sana'arta a kasuwar Sikonge liƙin tukwane da butoci, a hannun mahaifinta ta koya. Ba son wannan harka take yi ba. Ngasa ne ya shiga, ta yi faɗa, ta yi kuka, ya ƙi fita, sai ta ce to in dai dole ya riƙe bindiga, abin da zai shiga cikinta daga hannunta zai fito.

Ta zube kayanta a tabarma: dalmar koma da ta saya wurin masuntan kogin Ugalla, kawunan tsofaffin batira, da guntun bututu da aka tono a wani kango. Kowanne ta karce shi da farce, ya yi layi mai sheƙi. Da ta zo kan guntayen motar Lugwisha, farcen ya zame. Ta ɗaga ɗaya ta sake shi a kan dutsen niƙa. Dalma in ta faɗi, tim take yi kamar ɗanyen mangwaro. Wannan sai ya yi ƙara siririya, ya yi tsalle.

"Wannan ba dalma ba ce," ta ce.

"To mece ce, likitar tukwane?"

"Ban san sunanta ba, amma ba za su zauna a kasko ɗaya ba. Motar sabuwa ce, masu ƙera ta sun canza ƙarfe."

Kanar ya ce ai boka bai ce dalma ba, ƙarfen motarsa ya ce. Kapaya ya ce shi dai a yi a gama, yunwa yake ji.

Ta fara da kaskon farko, dalma zalla. Ngasa na zuga wuta yana waƙar da ya tsara wa kansa, wai shi ne zakin Ugalla, mata na gudu maza na ɓuya. Dalmar ta narke ta kwanta lumui kamar madubi. Ta kwashe dattin da ya taso, ta zuba a mazubin dutse, harsasai suka riƙa faɗowa sumul-sumul kamar ƙwan kurciya. Kapaya ya ɗauki ɗaya tun bai huce ba don ya gwada nauyinsa, ya wurgar, ya shiga zagaya ɗakin taba da yatsa a baki. Ngasa ya faɗi ƙasa don dariya. Har Milembe sai da ta rufe baki da zani.

Kasko na biyu shi ne na magani. Kanar da kansa ya jefa guntayen, yana motsa leɓe. Suka yi ta yawo a saman dalmar sun ƙi nitsewa. Ya ce a ƙara wuta. Aka ƙara, Ngasa ya zuga har gumi ya rufe masa ido. Da suka narke daga ƙarshe, madubin nan ya ɓace. Abin da ke cikin kaskon ya koma gudaji-gudaji kamar kunun da ya kwana, ana juya shi yana manne wa ludayi.

Milembe ta ce ga irinta nan, an ɓata dalma mai kyau.

Kanar kuwa ya leƙa, idanunsa suka yi waje. Ya ce su duba da kyau, magani ne yake kokawa da magani a gabansu. Ya cire jar hularsa ya shiga taka rawa, Kapaya ya ɗauki galan yana kaɗa masa, Ngasa ya bi bayansa yana kwaikwayon yadda Lugwisha zai faɗi.

Sau shida tana zubawa, guda ɗaya ne ya fito da siffar harsashi. Shi ma mummuna, duk tamoji, ya fi 'yan'uwansa ƙiba. Ta sa haƙori, ko alama bai yi ba. Nan ta faɗa musu a fili, ba ta ɓoye wa kowa ba: dalma tana da haƙuri, in hanya ta matse sai ta matse da ita ta fita. Wannan ba ya matsuwa. In ya cije a tsakiyar bututu, wutar da ke bayansa sai ta nemi wata ƙofar, kuma ƙofar da ta fi kusa ita ce hannun mai harbi. Ta nemi a bar ta ta goge shi da zarto ya rage ƙiba. Kanar ya hana, wai a fatarsa maganin yake.

Ta dubi bindigar Ngasa da ke jingine da bango. Tsohon bututun ruwa ne, an ɗaure shi da waya a wuri biyu. Sai ta sauya murya.

"Gaskiyarka ne, Kanar. Irin wannan ba na hannun kowa ba ne. Sai shugaba."

Ya ji daɗi. Ya naɗe harsashin a jan ƙyalle ya rataya a wuya. Ita kuma ta zaɓi mafi santsi guda biyar ta zuba wa ƙanenta a jaka da hannunta, ta ja kunnensa ta ce in ta ji ya ɗura wani abu ban da waɗannan, ita da shi ne. Ya ce ya ji, uwar masu gida. A hanyar komawa ta ji jikinta sakayau. Ta san abin da ta yi wa Kanar, ta kuma san ba za ta koma ta sake gargaɗinsa ba.

Ranar gwanjo, aikinta shi ne ta hau motar Lugwisha a matsayin fasinja, in an iso mashigin rafin yashi ta buga rufin mota ta ce cikinta ya murɗa. Ta hau baya da tukwane uku a buhu. Bayan motar cike yake: mata biyu masu zuma, wani malamin makaranta da agwagwa a cinya, da wani mutum mai gajeren wando da ya rungume sabuwar katifa kamar amarya. Shi ya matsa mata wuri. Ya ce katifar ta matarsa ce, ta rantse in ya dawo babu ita a ofis zai kwana. Masu zuma suka tambaye shi wane ofis. Ya ce na 'yan sanda, shi ne Kofur Mwakalinga, yau hutu yake.

Milembe ta ƙanƙame buhunta. Abin mamaki kuma, dariya ce ta taso mata, ta yi ta danne ta da tari.

Mota ta ɗauki hanya tana wata irin kyarma. Lugwisha na gaba yana shan rake yana tofar da ɓawon ta taga, yana zagin masu sayar da mota, wai ko wata uku ba ta yi ba sitiyari ya fara rawa a hannun direba kamar mai zazzaɓi. Kofur ya ce ai motocin zamani ke nan. Milembe ta sunkuyar da kai cikin buhun tukwane, kafaɗunta na girgiza. Ɗaya daga masu zuma ta dafa ta ta ce sannu, ko ciki ne da ita.

Ba ta ma buga rufin ba. Da suka gangara mashigin, yashi ya kama tayoyin, motar ta yi gurnani ta tsaya da kanta.

Suka fito daga cikin ciyawa.

"Kowa ya kwanta! Kashe mota! Kashe!"

Agwagwa ta tashi sama. Masu zuma suka kifa a kan juna. Kofur ya yi wuf ya ja katifa ya rufa a kansa, ido ɗaya a waje. Kapaya ya fizge ƙofa, ya jawo jakar daga ƙarƙashin kujera, ya ruga wajen babur.

Milembe ta ɗago kai don ta ga Ngasa. Ta gan shi, kuma dariyar ta mutu a cikinta.

Shi ne a gaba. Jar hular Kanar ce a kansa, a saman zanen da ya naɗe fuska da shi. Jan ƙyallen nan yana lilo a wuyansa, a warware, babu komai a ciki. Kanar kuwa yana can baya, taku goma cif, ya ɗan karkace jiki kamar mai jiran a fasa dutse. Ashe ya ji maganarta sarai. Ya yarda da boka, ya kuma yarda da ita, sai ya nemo hannun da za a gwada. Ba sai an faɗa mata yadda aka yi ba. An kira Ngasa gefe, an ce masa shi ne ya fi kowa saiti, an ɗora masa hula.

Lugwisha ya sauko a hankali, guntun rake a hannu. Bai kwanta ba. Ya ɓalle maɓallan rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ƙirji, layu jere a ɗamararsa.

"Ajiye mini jakata, ku tafi da ranku," ya ce. "Ko kuwa kai dogo, harba mu gani. Ga ni."

"Ba shi!" in ji Kanar daga baya. "Ba shi na gida!"

Ngasa ya ɗaga bindigar ya kwantar da kunci a kanta. Hannunsa na hagu ya riƙe daidai inda aka ɗaure da waya.

Ta san akwai ɗan sanda a ƙarƙashin katifa. Ta san fuskarta a buɗe take, kuma rabin mutanen motar nan ta taɓa liƙe musu tukunya. In ta yi shiru, ita fasinja ce har a gama.

"Ngasa! Kar ka ja!"

Ta dira daga motar da tukunya a hannu. Yashi ya kama mata ƙafa, ta faɗi, ta tashi. Ya juyo yana kallonta baki buɗe a cikin zani. Ta kai masa tukunyar a gwiwar hannu, ƙwal! Bindigar ta faɗi a yashi, ta faɗa a kanta ta danne da ciki.

"Yaya, kin haukace? Sunana fa kika kira!"

"Na kira. In sake kira?"

Kanar ya ƙunduma ashar. Ya ga Lugwisha ya rarumi sanda ya nufi babur, sai ya ɗaga tasa bindigar, mai ɗauke da dalmar kaskon farko, ya rufe ido ya ja.

Daram!

Hayaƙi ya turnuƙe mashigin. Da ya washe, Lugwisha na zaune a yashi yana kallon cinyarsa. Bai yi ihu ba. Ya taɓa wurin, ya dubi yatsunsa, ya dubi layunsa.

"Ya shiga," ya ce, kamar mai ba da labarin wani. "Jama'a, ya shiga fa."

Kanar ma tsayawa ya yi yana kallon bindigarsa. Kapaya ne ya finciko shi kan babur. Ba su waiwayi Ngasa ba. Babur ya yi gaba, ya watsa yashi, ya haura gaɓa da jaka a tsakaninsu.

Ba su yi nisa ba. Ƙarar harbin ta kai ƙauyen da ke gaba, 'yan sintirin ƙauye suka busa usur, wani ƙauyen ya amsa, na gaba da shi ma ya amsa. Kafin la'asar an tare su a gonar rogo, mai ya ƙare, suna dambe a kan wanda zai riƙe jakar. A mashigi kuwa Kofur ya fito daga ƙarƙashin katifa, ya ɗaure cinyar Lugwisha da ɗankwalin mai zuma, ya ɗaure Milembe da Ngasa da igiyar katifar matarsa. Ba su yi gardama ba. Milembe ta roƙe shi abu ɗaya, kada kowa ya taɓa kunamar bindigar nan.

Kwana biyu Ngasa bai yi mata magana ba. Ɗakunan da aka tsare su bango ɗaya ne ya raba, tana jin sa yana faɗa wa Kapaya da ƙarfi, don ta ji, wai da ba don mace ta sa baki ba da yanzu suna Mpanda suna cin kifi. Wai hassada ce, ba ta so a ce ƙanenta ne ya karya maganin Lugwisha. Kanar na gefe yana cewa ƙwarai kuwa.

A rana ta uku aka ce za a kai kayan shaida Tabora, kuma ba a ɗaukar bindiga ɗure a mota. Irin wannan kuwa ba a sauke ta sai an harba. Wani sabon ɗan sanda ya ɗauka zai harba sama, Kofur ya riƙe masa hannu. Ya sa aka ɗaure ta a jikin bishiyar mangwaron da ke tsakar ofishin, aka ƙulla doguwar igiya a kunamar, aka fito da su huɗun suka tsaya a baranda don su shaida. Masu sayar da gyaɗa suka taru a bakin waya. Kofur ya laɓe a bayan tankin ruwa ya ja.

Ƙarar ba irin ta harbi ba ce. Tsuntsaye suka watse, ɗanyun mangwaro suka zubo. Da hayaƙi ya lafa, bututun ya tsage gida uku ya bankare kamar ɓawon ayaba. Inda aka ɗaure da waya babu shi sam. Wani guntun ƙarfe ya nitse a jikin bishiyar har ba a iya zaro shi da hannu.

Masu gyaɗa suka yi tafi.

Ngasa ya daɗe yana kallon bishiyar. Sannan ya juya ya dubi Kanar. Kanar ya dubi rufin kwano.

"Taku goma ka ja baya," in ji Ngasa a hankali. "Na ɗauka girmama ni kake yi."

Kofur ya zo da ankwa, ya ce su biyun nan a haɗa su, tun da 'yan gida ɗaya ne. Ya kama hannun hagun Ngasa ya juya shi, ya duba gaba da baya kamar mai sayen akuya, sannan ya maƙala ƙarfen, ya maƙala ɗaya bakin a hannun Milembe.

Shekara talatin-talatin alƙali ya ba mazan uku. Milembe ta samu sassauci saboda shaidar Kofur da ta Lugwisha, wanda ya zo kotu yana ɗingishi, babu laya ko ɗaya a jikinsa. Duk da haka sai da aka ba ta bakwai. Rumfarta ta kasuwar Sikonge wani mai gyaran waya ya karɓa. Gonar taba ta koma ciyawa. Mahaifiyarsu ba ta kai shekara ta uku ba, kuma babu ɗayansu da ya ga kabarinta a lokacin.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, a bayan motar da ta ɗauke su zuwa Tabora, sun yi tafiyar awa guda zaune kafaɗa da kafaɗa. Hanya duk gargada, ankwar na cizonsu duk lokacin da motar ta faɗa rami. Can sai Ngasa ya matso ya sa hannunsa a ƙarƙashin nata, ya tallafe shi don ƙarfen ya daina cin ta.

"Yaya," ya ce, "tukunyar nan da kika buga mini, har yanzu gwiwar hannuna ciwo take yi."

"Madalla," in ji Milembe. "Ka riƙa jin ta."